Daga Makiyaya zuwa Bayan Shinge: Lacca a kan Asalin Filayen Golf da Dalilin Yaɗuwarsu

  

Ranka ya daɗe uban ƙasa, Allah ya ja zamaninka. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Dattawan gari, iyayenmu mata, malaman makaranta, da ku 'ya'yanmu ɗalibai.

Na san tun da aka yi shelar abin da za a yi magana a kansa yau akwai waɗanda suka tambayi kansu, kuma tambayarsu tana bisa hanya, me ya haɗa mutumin Lambara, wanda damuwarsa ita ce saukar damina da tsadar taki da lafiyar bisashensa, da wani wasa na Turawa wanda ko a birnin Sakkwato ba kowa ya taɓa ganin ana yinsa ba. Amsata ita ce, tarihin wasan golf, ga wanda ya bi shi tun daga tushe, tarihin fili ne tun kafin ya zama tarihin wasa: wane ne mai filin, wa aka yarda ya taka shi, da abin da kan sami jama'a idan filin da kowa ke da hakki a cikinsa ya koma hannun mutum ɗaya. Wannan kuwa mas'ala ce da babu garin da ba ta shafa ba tsakanin Boɗinga da Shagari.

Siffar wasan ba ta da wuyar fahimta. Ana samun fili mai faɗi, wanda a zamanin yanzu yakan kai kadada hamsin ko sittin, a haƙa ƙananan ramuka goma sha takwas nesa da juna, bakin kowane rami bai wuce inci huɗu da kwata ba. Mai wasa yakan aje ɗan ƙaramin ƙwallo a ƙasa ya buge shi da sanda mai lanƙwasasshen kai, ya bi shi da ƙafa zuwa inda ya faɗi, ya sake bugawa, har ya jefa shi cikin rami, sa'an nan ya nufi rami na gaba. Wanda ya gama zagayen da mafi ƙarancin bugu shi ya ci. Babu gudu, babu kokawa, babu mai tare wani. Abokin karawar mutum na haƙiƙa shi ne filin kansa, da tudunsa da kwarinsa da iskar da ke kaɗawa a kansa.

Al'ummomi da yawa, har da mutanen Sin da na Holan, sun yi wasannin sanda da ƙwallo tun zamanin da, amma wannan da ake bi rami bayan rami a fili mai nisa, a ƙasar Sikotlan ya girma, a arewacin tsibirin Birtaniya. A gabar tekunta ta gabas akwai wata irin ƙasa tsakanin ruwa da gonaki wadda mu da mun gan ta jigawa za mu kira ta, rairayi ne tsantsa da iska ta tara tudu-tudu, gishirin teku ya hana itatuwa tsayawa a kai, hatsi ba ya yi, sai wata gajeruwar ciyawa mai taurin rai. Da yake manomi ba shi da bukatarta, sai ta zama ta kowa: nan talakawan gari ke kiwon tumakinsu, nan mata ke shanya wanki, nan masunta ke baza komarsu, nan samari ke koyon harbi. Tumaki da zomaye su ne suka riƙa aske ciyawar kullum ba da lada ba. Rairayin yana shanye ruwan sama nan take, don haka babu taɓo ko da an kwana ana ruwa. Wuraren da iska da dabbobi suka ƙwaƙule har rairayi ya fito su ne asalin ramukan yashin da a yau ake kashe kuɗi masu yawa wajen ƙera irinsu. Filayen golf na farko ba wanda ya zana su, ba wanda ya biya ko anini a kansu; makiyaya ce da jama'a suka samu a bayan gari suka yi wasa a cikinta.

Farkon ambaton wasan a rubuce, hani ne. A shekarar 1457 majalisar Sarki Jems na Biyu ta haramta golf da ƙwallon ƙafa, saboda sun shagaltar da samari daga koyon harbin baka alhali ƙasar tana cikin fargabar yaƙi da Ingila, kuma aka maimaita hanin a 1471 da 1491. Malamanmu za su ga cewa illar da wancan sarki ya kafa hukuncinsa a kanta ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin fuƙaha'u sun daɗe da rarrabewa tsakanin wasan da ke ƙarfafa jiki, kamar harbi da sukuwa da iyo, waɗanda shari'a ta kwaɗaitar a kansu, da lahawun da ke hana wajibi ko ya jawo caca. Kuma jama'ar da kakanninta suka tsaya da baka da kibiya a yaƙin Tafkin Kwatto a 1804 ba ta bukatar a yi mata dogon bayani a kan darajar maharbi. Maimaita doka har sau uku kuwa dalili ne a kan cewa ba a bi ta ba. Da aka ƙulla sulhu da Ingila a 1502, Sarki Jems na Huɗu da kansa ya sayi sandunan wasan daga hannun wani mai sassaƙa baka a garin Perth. Bayan shekara hamsin, a 1552, aka rubuta wata takarda a garin St Andrews wadda nake roƙon ku riƙe ta a zuciya, domin zan komo kanta: an ba babban limamin cocin garin, John Hamilton, izinin kiwon zomaye a wani sashe na jigawar, bisa sharaɗin cewa hakkin mutanen gari na yin golf da ƙwallo da harbi da kiwo a wurin yana nan daram.

A 1744 wasu masu hali na birnin Edinbara da ke wasa a jigawar Leith suka rubuta ƙa'idoji goma sha uku, su ne na farko da aka sani, hukumar birnin ta ba su sandar azurfa su yi gasa a kanta, wani likita mai suna John Rattray ya ci. Mutanen St Andrews suka kafa tasu ƙungiya a 1754, kuma a 1764 suka mayar da zagayen filinsu daga rami ashirin da biyu zuwa goma sha takwas, adadin da duniya duka ta bi daga baya.

To, ga abin lura. Daga hanin farko zuwa tsakiyar ƙarni na goma sha tara kusan shekara ɗari huɗu ne, amma a tsawon wannan zamani wasan bai wuce 'yan garuruwa ƙalilan ba, har ma akwai lokacin da ya yi kamar zai mutu. Fili kyauta ne, sanda kuwa kowane masassaƙi yana iya yi. Abin da ya tsare hanya shi ne ƙwallon. Dukawanmu, waɗanda fatar jar akuyarsu ta kai kasuwannin Turai tun kafin Bature ya san hanyar Sakkwato, za su fi kowa gane wahalar aikin. Mai yin ƙwallo yakan yanka jemammiyar fata gida uku, ya jiƙa ta, ya ɗinke ta ya bar 'yar kafa, ya juya ta ɗinkin ya koma ciki, sa'an nan ya ɗauko dafaffen gashin dinya ko na kaji, wanda idan a bushe yake zai cika babbar malafa, ya riƙa cusa shi ta wannan kafa da wani tsinken ƙarfe mai mariƙin itace da yake dannawa da ƙirjinsa, har gashin ya shige duka cikin abin da bai kai ƙwan kaza ba. Idan ya bushe, fata ta tsuke, gashi ya kumbura, sai ƙwallon ya yi tauri ƙwarai. Gwani ba ya wuce uku ko huɗu a wuni, kuɗin guda ɗaya yakan fi ladan lebura na yini, kuma da ya sha ruwa ko baƙin ƙarfe ya sare shi, ya tashi aiki. Talaka yana da hakkin shiga fili, amma ba shi da abin bugawa.

A wajen 1848 aka fara yin ƙwallo da daskararren ƙaron wata bishiya ta ƙasar Malaya. Ana tsoma shi a ruwan zafi ya yi laushi, a mulmula shi da hannu ko a matse shi a mazubi, ya huce ya taurare. Ruwa ba ya ɓata shi, idan ya fashe a narka a sake, kuɗinsa kuma ya sauko ƙasa da nisa. Da farko sumul ake yinsa, sai masu wasa suka lura cewa tsohon ƙwallon da ya sha sara ya fi sabo miƙewa a iska, aka shiga sassara shi da guduma tun kafin a sayar, kuma daga nan ne 'yan lotse-lotsen da ke jikin ƙwallon yau suka samo asali. Allan Robertson, babban mai ƙwallon gashi na St Andrews, ya ga sana'ar gidansu za ta mutu, ya yi gaba da sabon abin, har ya rabu da mataimakinsa Tom Morris don ya kama shi yana wasa da shi. Ba na ganin laifin Robertson ƙwarai, domin duk mai sana'ar gado da ya ga kayan kanti sun shigo kasuwa ya san irin zafin da ya ji. Shi ma daga baya ya sallama ya koma yin sabon. Morris kuwa ya tafi Prestwick a 1851 ya shirya musu fili, inda aka yi babbar gasar farko a 1860, mutum takwas suka kara, Willie Park ya ci.

Sauƙin ƙwallo ya zo daidai da zuwan jirgin ƙasa, wanda ya isa St Andrews a 1852 ya riƙa kwaso ma'aikata da attajiran birane zuwa bakin teku hutu. Su kuwa da suka ɗanɗana wasan sai suka so shi kusa da gida. A nan ne wani abu da ba a cika ambata ba ya yi aikinsa, wato injin yankan ciyawa da Edwin Budding ya ƙirƙiro a 1830, domin shi ne ya karɓi aikin tumaki, ya sa aka iya yin fili a tsakiyar ƙasa mai laka inda ciyawa ke tsawo. Masana'antu sun haifar da sabon jinsin mutane, akawuna da lauyoyi da likitoci da manajoji, masu albashi da hutun yammacin Asabar, masu neman inda za su miƙe ƙafa su kuma sadu da irinsu. Tom Morris, wanda ya komo St Andrews ya zama mai kula da filinta, ya riƙa yawo gari-gari ana biyansa fam guda a yini ban da kuɗin hanya, ya zagaya makiyaya da safe yana kafa turaku, kafin magariba ya nuna musu inda ramuka za su zauna. A 1880 filayen da ke Ingila ba su wuce goma sha biyu ba. A 1887 sun kai hamsin. Kafin yaƙin 1914 sun haura dubu.

Akwai kuma dalilai a cikin ɗabi'ar wasan kansa, kuma a ganina da babu su da arhar ƙwallo ba ta isa ba. Wasa ne da tsoho ke yi tare da jikansa. Mata sun shiga tun da wuri: matan masunta na Musselburgh sun yi gasarsu a 1811, matan St Andrews sun kafa ƙungiya a 1867. An kuma ƙago wata dabara ta adalci, a ƙididdige ƙarfin kowane mai wasa, a yafe wa mai rauni wasu bugu gwargwadon rauninsa, ta yadda ɗan koyo zai kara da gwani kuma kowannensu ya sa rai. Abin da ya fi burge ni shi ne, a mafi yawan lokaci babu alƙali a tare da masu wasa. Mutum shi ke ƙirga bugunsa, kuma idan ya motsa ƙwallonsa a cikin ciyawa inda babu mai gani sai Allah, ƙa'ida ta ɗora masa ya faɗa ya ci wa kansa tara. Wasan da aka gina bisa amana haka ya cancanci a girmama shi, ko daga wace al'umma ya fito.

Daga nan sai ya bi sawun mulkin mallaka da fatauci. 'Yan Sikotlan da ke aikin soja da ciniki a Indiya sun kafa kulob a Kalkata tun 1829, da Bombai a 1842. Aka yi na Pau a Faransa a 1856, na Montreal a Kanada a 1873, na Kef a Afirka ta Kudu a 1885, na Nairobi a 1906. A Amurka, inda aka kafa hukumar wasan a 1894, ya fara ne a matsayin abin masu kuɗi, har zuwa 1913 da wani saurayi ɗan shekara ashirin, Francis Ouimet, ɗan talakawa wanda ya koyi wasan yana ɗaukar wa mutane jakar sanduna, ya kayar da manyan gwanayen Birtaniya biyu, Harry Vardon da Ted Ray, a babbar gasar ƙasar, yaro ɗan shekara goma yana riƙe masa jaka. Bayan wannan talakan Amurka ya ga cewa shi ma da rabonsa, hukumomin birane kuma suka yawaita filayen da kowa ke shiga da kuɗi kaɗan.

Yanzu mu komo gida. A watan Maris na 1903, ranar da aka yi karon Giginya da sojojin Turawa, firayim ministan Birtaniya shi ne Arthur Balfour, mutumin da ya fi kowane ɗan siyasar zamaninsa sa manyan Ingila son golf. Saboda haka hafsoshi da joji-joji da injiniyoyin da aka turo mana 'ya'yan wancan yayi ne, da sandunansu a cikin kaya suka sauka. Turawan haƙar kuza sun yi filinsu a Rayfield kusa da Jos, wanda ake lissafin kafuwarsa daga 1913, a kan tudun da dubban mutanenmu 'yan cin rani suka haƙa da diga suka ɗauki ƙasarsa a kwano. Aka yi na Kaduna a 1921, shekaru kaɗan bayan an mayar da hedkwata can daga Zungeru. Aka yi a Kano wajen Bompai, aka yi a Zariya. Sai dai a dubi inda aka sa su. Bayan da Ronald Ross ya tabbatar a 1897 cewa sauro ke ɗaukar zazzaɓi, likitocin mulkin mallaka suka yanke cewa lafiyar Bature tana cikin nisantar ɗan ƙasa, kuma a ƙarƙashin dokar garuruwa ta Gwamna Lugga ta 1917 aka wajabta barin fili mai faɗin yadi 440, wato rubu'in mil, tsakanin unguwar Turawa da mazaunin baƙar fata, ba a gini a ciki, ba a kwana. Wannan sarari da makamantansa na gefen bariki su ne aka yarda a mayar filin sukuwa da na holo da na golf. Wasan da aka haifa a filin da ya haɗa sarki da masunci, a ƙasarmu an dasa shi a filin da aka keɓe musamman don ya raba mutane, kuma kulob-kulob ɗin da ke riƙe da shi ba su buɗe ƙofa ga 'yan ƙasa ba sai gab da ƙarshen mulkin.

Duk da haka ina yaba wata hikima da aka yi a waɗannan filaye, domin ta dace da ƙasarmu. Da aka ga lallausar ciyawar da ake shimfiɗawa kewaye da rami ba za ta jure rani da hunturu ba, sai aka share wurin aka daɓe shi, aka tankaɗe rairayi aka cuɗa shi da baƙin mai don kada iska ta kwashe, aka baza. Idan ƙwallo ya hau wannan dandali, yaro yakan ja wani ƙarfe ko guntun buhu daga ƙwallon zuwa bakin rami ya share sawun ƙafa, mai wasa ya gangara ƙwallonsa a kan wannan santsi, bayan sun wuce a sake sharewa domin na baya. Sauran filin kuwa yadda Allah ya yi shi, kore da damina, ja da rani. Waɗannan yara masu shara da ɗaukar jaka, waɗanda suka riƙa sassaƙa sandunansu da reshen itace suna kwaikwayo a bayan idon masu gida, daga cikinsu ne mafi yawan ƙwararrun 'yan wasan Nijeriya suka fito.

In muna son mu gane dalilin da ya sa golf bai kama ƙasa a wurinmu ba, mu gwada shi da wasanni biyu da suka zo tare da shi. Holo ya sami doki a ƙasar dawaki, ya kuma sami Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya karɓe shi ya sa 'ya'yansa da fadawansa a ciki, har ɗansa Sarki Usman Nagogo ya zama gwanin da Turawan kansu ke sara wa. Da sarauta ta ɗauka sai ya zama namu. Ƙwallon ƙafa ya shiga ta makarantu, kuma ba ya bukatar komai sai tsumma da aka ɗaure da sarari a bayan gari, don haka babu ƙauyen da bai kai ba. Golf bai sami sarkin da ya fito da shi daga bariki ba, ba a koyar da shi a makaranta ba, sandunansa da ƙwallonsa daga Ingila ake odarsu, jirgin ƙasan da ya yaɗa shi a can kuwa, a nan ya zo Ƙaura Namoda a 1929 ya tsaya, bai ƙaraso Sakkwato ba har yau. Bayan samun mulkin kai manyan ma'aikata da hafsoshin soja da 'yan kasuwa suka gaji kujerun Turawa a kulob. An fara babbar gasar Nijeriya a Ikoyi ta Legas a 1969, mashahurai irin su Sandy Lyle da Vijay Singh suka ci ta a farkon tashensu, aka kuma buɗe ƙasaitaccen fili a Abuja a 1991. Shingen dai yana nan; launin waɗanda ke cikinsa ne ya sauya. Ni kuwa ba na cikin masu fatan a kawo mana irin filin nan mai kore shekara duka, domin a ƙasar da ruwan sama ke sauka wata huɗu, mata suna jan guga gaba ashirin, shayar da kadada hamsin na ciyawar da ba dabbar da za ta ci israfi ne bayyananne.

Na ce zan komo kan takardar 1552. A 1797 hukumar garin St Andrews, bashi ya yi mata katutu, ta sayar da jigawar, ta faɗa hannun wasu 'yan kasuwa masu suna Dempster, suka cika ta da zomaye don nama da fata har ramukansu suka lalata wurin wasa. Mutanen gari ba su yi shiru ba. Suka kai ƙara suna kafa hujja da tsohon hakkinsu, shari'a ta yi ta jan ƙafa har gaban majalisar dattawan Landan, rigimar ba ta kwanta ba sai 1821 da wani mai ƙasa, James Cheape, ya sayi wurin ya kawar da kiwon zomayen. A 1894 kuma majalisar dokoki ta yi doka ta musamman wadda ta mayar da jigawar hannun garin. Albarkacin wannan tsayuwa, filin da ya fi kowane filin golf daraja a duniya har gobe na jama'a ne, ba na wani kulob ba, kuma in ba lokacin babbar gasa ba, ran Lahadi ba a wasa a kansa, ana barinsa ga mutanen gari su yi yawo da iyalansu.

Allah ya gafarta malamai, ku kun fi ni sanin cewa ba sai mun je Sikotlan aron wannan hukunci ba. Hadisi ya zo da ma'anar cewa mutane abokan tarayya ne a ruwa da ciyawa da wuta. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya keɓe wani wuri mai suna Naƙi'u ya zama makiyayar dawakin Musulmi, kuma Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar, da ya naɗa mai tsaron makiyayar da ya keɓe, ya umurce shi da ya shigar da mai 'yan raƙuma kaɗan da mai 'yan tumaki kaɗan, ya kiyayi garkunan manyan attajiran sahabbai, domin su in dabbobinsu sun halaka suna da gonaki, talaka kuwa ba shi da kowa sai hukuma. A wannan yanki namu, inda Shehu Usmanu, Allah ya jiƙansa, ya zauna a Sifawa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga, an san wannan fiƙihu sani na aiki: Malam Abdullahi ya wallafa Ta'alimur Radi a kan hanyoyin da ake mallakar mataccen fili, ya yi bayanin rayarwa da yankan sarki da hurumin gari da keɓaɓɓiyar makiyaya. Gwamnatin Jihar Arewa ma ta yi dokar makiyaya a 1965. Hukunci bai yi mana ƙaranci ba. Amma kowa a nan ya ga yadda burtalin da a da garke biyu ke giftawa a cikinsa ya tsuke har saniya ɗaya ba ta wucewa sai ta taɓa shuka, ya ga fagen da ake dambe da kokawa bayan girbi an yanka shi fuloti, ya ga filin makaranta ana gutsurarsa daga gefe shekara bayan shekara. Kuma yawancin husumar manomi da makiyayi da ke kai mu gaban alƙali daga nan take tasowa.

Abin da ya ceci mutanen St Andrews shi ne hakkinsu yana rubuce, kuma da aka taɓa shi sun sami abin nunawa. Namu yawanci yana cikin kawunan dattawa ne, dattawa kuwa suna tafiya. Saboda haka, ranka ya daɗe, roƙona gare ka da majalisarka shi ne, tun waɗanda suka san iyakoki suna da rai, a fita da su da masu unguwanni da ardo-ardo da liman, a zagaya hurumin gari da burtali da mashaya da filin idi da maƙabarta da fagen wasa da filin makaranta, a auna kowanne, a rubuta da boko da ajami, shaidu su sa hannu, a ajiye kofe a fada, a kai kofe ƙaramar hukuma da ofishin ƙasa a Sakkwato domin a shigar da shi rajista. A kafa duwatsu a kusurwoyi, ɗalibai kuma su dasa dogon yaro a kan iyaka da farkon damina, kowane aji da sashen da zai shayar har itacen ya kama. Malaman makaranta suna da igiyar awo da ilmin lissafi, kuma na tabbata ba za su ƙi ba da ranakun hutunsu ga wannan aiki ba idan fada ta kira su.